Ilimi Ma Yana Ruɓewa: Likitocin Borin Jini da Neman Sani Bayan Makaranta

Shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, aka gayyaci wani likitan yara daga Landan, Gideon Lack, ya je Isra'ila ya yi lacca kan yaran da jikinsu ba ya shiri da gyaɗa. A lokacin abin ya zame wa Ingila ƙarfen ƙafa. Yaro zai lashi man gyaɗa, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Yana tsakiyar bayani sai ya jefa wa likitocin da ke zauren tambayar da ya saba yi a gida: wa ya ga irin wannan yaro a shekarar da ta wuce? A Ingila kusan kowa ke ɗaga hannu. Nan kuwa hannuwa 'yan ƙalilan ne suka tashi.

A bakin abokan aikinsa na can ya ji labarin Bamba, wani abin ƙwalama na masara da man gyaɗa mai narkewa a baki, wanda iyaye ke miƙa wa jarirai tun ba su fara tafiya ba. A daidai wannan lokaci hukumomin lafiya na Ingila, tun 1998, da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, tun 2000, suna gargaɗin iyayen yaran da ake wa fargaba su nesanta su daga gyaɗa har su shekara uku. Lack da George du Toit, ɗan Afirka ta Kudu, suka kwatanta yaran Yahudawa na ƙasashen biyu, suka fitar da sakamako a 2008: na Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen kamuwa. Daga nan suka ɗauki jarirai 640, 'yan wata huɗu zuwa goma sha ɗaya, masu tsananin ƙaiƙayin fata ko waɗanda ƙwai ke tayar wa bori, suka raba su gida biyu. A Fabrairun 2015 sakamako ya fito. Cikin waɗanda aka hana gyaɗa, kimanin kashi 17 cikin ɗari sun kamu kafin su cika shekara biyar. Cikin waɗanda aka riƙa ba su, kashi 3 ne kawai. Ashe shekara da shekaru ana gudun gara ana faɗawa gidan zago. A Janairun 2017 Amurka ta juya ƙa'idarta baki ɗaya, da sharaɗin a fara duba jaririn da matsalar fatarsa ta yi tsanani, kuma a dama gyaɗar ta yi laushi, don ƙwayarta kan shaƙe yaro.

Abu biyu nake gani a wannan labari. Na farko, likitan da ya gama makaranta a 2003 ya rufe littafi, har yau yana ba da shawarar da ke jawo cutar da yake son karewa, da zuciya ɗaya kuma. Na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne inda zaren ya faro: mutum ya tashi ya je garin wasu, ya yi tambaya, ya ji abin da bai zata ba.

Kafin mu yi nisa, sunan fannin kansa yana ba mu wahala. Mun saba da "borin jini" idan jiki ya yi rudu-rudu yana ƙaiƙayi. Ma'aikatan asibiti kan ce "alaji", wanda idan ba a lura ba tsohuwa za ta waiga ta ga wane Alhaji ake nufi. Marasa lafiya kuwa cewa suke "jinina bai haɗu da shi ba" ko "ba ya karɓa ta", kuma a ganina sun fi kowa kusa da gaskiya. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba shi da laifi, ƙura ko kifi ko magani, a matsayin abokin gaba, ta far masa, mai jikin ya kwana a ciki. Fannin ya haɗa asma, atishawa da toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da na fata, borin abinci da na magani, sannan can gefe guda akwai waɗanda aka haifa da garkuwa mai rauni. Fanni ne ɗanye. Sai a 1906 Clemens von Pirquet ya raɗa masa suna a Biyana, kuma sinadarin jinin da ke kunna yawancin borin, IgE, sai a 1966 da 1967 aka gano shi, a Amurka da Suwidin. Akwai likitocin da ke duba marasa lafiya yau waɗanda aka haifa kafin a gano IgE.

To, idan ƙa'ida ta sauya, yaya take isa ɗakin duba mara lafiya? Ba da sauri ba, ko a inda ake da kuɗi. Wani binciken jin ra'ayi da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna kashi 93 na likitocin yara sun ji labarin sabuwar ƙa'idar gyaɗa, amma waɗanda ke bin ta daki-daki ba su kai kashi 30 ba. Ji daban, yi daban.

Dabarar da ƙasashe da yawa suka kama ita ce maki. A Nijeriya hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori, MDCN, tana neman maki 20 na ƙarin ilimi duk shekara kafin ta sabunta lasisi. Manufar ba ta da aibu. Sai dai duk wanda ya taɓa leƙa irin taron bitar da ake yi idan ƙarshen shekara ya ƙarato ya san yadda abin kan kasance. Zauren otal, fanka na kaɗawa, mai lacca ya ba mutane baya yana karanta abin da ke kan allo kalma bayan kalma. A bakin ƙofa ga takardar sa hannu, ga wakilin wani kamfanin magani yana raba biro da littafin rubutu. Layin baya rabi suna kan waya, rabi suna gyangyaɗi, don daga aikin dare suka taho. Da an raba shinkafa a leda da takardar shaidar halarta, zaure ya watse. An samu maki biyu. Abin da aka koya kuwa, Allah masani.

Wannan ba halin mutanenmu ba ne kaɗai. Tun 1999 Dave Davis da abokansa suka nuna a mujallar JAMA cewa lacca zalla, wadda mutum ke zama ya saurara ya tashi, ba ta cika sauya yadda likita ke aiki ba. Ƙungiyar Cochrane, da ta tattara gwaje-gwaje masu yawa kan tarukan ƙara wa juna sani, ta tarar ingancin da suke kawowa a tsaka-tsaki bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba. Abin da ya fi kama jiki shi ne inda aka haɗa bayani da yi: a kawo labarin mara lafiya na gaske, a yi gardama, a sa hannu a gwada, a dawo a maimaita.

Na ga bambancin da idona, a kan ɗan ƙanwata mai shekara tara. Zazzaɓi ya kai mu wani ƙaramin asibiti da la'asar, aka yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ba a yi minti biyar ba ya fara sosa wuya, fuska ta kumbura kamar an hura, muryarsa ta dushe, ƙirji yana fito. Ma'aikaciyar jinyar, dattijuwa ce da ta ga jiya ta ga yau, ta ɗaga murya: "A kawo haidirokotizon da Piriton!" Likitan da ke aiki ranar yaro ne, ɗan bautar ƙasa. Ya ce, "Sista, adiranalin za mu fara." Ta dube shi. "Likita, ai wannan na wanda zuciyarsa ta tsaya ne." Bai tsaya musu ba. Ya buɗe durowa, ya fasa 'yar kwalbar, ya zuƙi abin da bai kai rabin mililita ba, ya soka a gefen cinyar yaron ta waje. Ya ce a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, kada wanda ya tayar da shi tsaye. Ƙanwata tana salati, ni ina kallon agogon bango ban san dalili ba. Kafin minti goma fiton ya lafa, yaron ya buɗe ido ya ce yana jin ƙishirwa.

Sistar ba jahila ba ce. Abin da aka koya mata ke nan, kuma shekara talatin tana yi ana dacewa, domin yawancin borin kan lafa da kansa, maganin da aka bayar ya kwashi yabo. Amma haidirokotizon sai ya ɗau sa'o'i kafin ya fara aiki, Piriton kuwa ƙaiƙayi yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Adiranalin a tsokar cinya shi ne magani na farko, rabin miligiram ga babba, a sake bayan minti biyar idan ba a ga sauƙi ba. A 2021 hukumar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta cire waɗancan biyun daga matakin farko na gaggawa. Da na tambayi yaron likitan inda ya samu wannan ƙarfin hali, sai ya ce a makaranta ya karanta kamar kowa, amma wani likitan sa barci ne ya tara su su shida a ɗakin tiyata, ya riƙa ƙirƙiro musu mara lafiya na ƙarya yana ƙirga daƙiƙoƙi, har hannunsu ya daina rawa. Wannan zama bai ba shi maki ko ɗaya ba.

Asma ma ta sha irin wannan juyi. Shekaru da dama, mai asma mara tsanani abin shaƙa mai shuɗin launi kawai ake ba shi, irin su Ventolin, ya shaƙa idan ƙirji ya riƙe. A 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin asma na duniya tun bayan kafa shi a 1993, ya ce daga shekara goma sha biyu zuwa sama a daina dogaro da shi shi kaɗai. Yana buɗe hanyar iska amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki, kuma wanda ke shanye uku ko fiye a shekara ya fi zama cikin haɗarin tashin ciwon mai tsanani. Aka ce a haɗa da na rage kumburi. Magana ta yi kyau a takarda. A kasuwa kuwa, bayan kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina harka kai tsaye a Nijeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin abubuwan shaƙa ya yi tashin gwauron zabi. Bitar da za ta gaya wa likitan Gusau ko Maraɗi sabuwar ƙa'ida, ba ta zauna da shi an yi lissafin abin da mai facin taya zai iya saye idan hunturu ya kama ba, ta yi rabin aiki.

Nan ne nake ganin ƙimar ilimin da ya fito daga wurare masu kama da namu. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun suka buga a mujallar Lancet cewa gorar lemo ta roba mai rabin lita, idan aka huda gindinta aka cusa bakin abin shaƙa, tana kai magani huhun yaro daidai da bututun kanti mai tsada. Gora ce da ake tsinta a kowace kwata. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma har yanzu za ka ga uwa tana fesa wa yaro maganin a baki kamar turare, rabinsa ya tsaya a harshe.

Manyan ƙungiyoyin fannin sun daɗe. Ta Amurka, AAAAI, ta samo asali a 1943, ta duniya, WAO, a 1951, ta Turai, EAACI, a 1956. Taronsu na shekara kan tara dubban mutane, kuma tun bayan korona ana iya bin wani sashe daga gida. Sai dai likitan da ke karɓar albashi da naira ko sefa, kuɗin rajista da na jirgi sun isa su cinye masa watanni, kafin a zo maganar biza. Idan ma ya isa, kaso mai tsoka na laccocin kan tafi ne ga sababbin allurai masu tsadar gaske, irin omalizumab da dupilumab, waɗanda kamfanoninsu ke cikin masu ɗaukar nauyin taron. Magunguna ne na ƙwarai. Amma ya dawo gida da ilimin motar da ba shi da hanyar hawa. Ribar da ta fi tabbata a irin wannan tafiya ita ce lambar wayar da ya karɓa a wajen shan shayi.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Ƙungiyarsu, ALLSA, tana nan tun 1988, tana da mujallarta, akwai difloma ta musamman da likita na gama-gari zai iya zaunawa, kuma Jami'ar Kef Tawun tana horar da ƙwararru. A wajenmu waɗanda wannan ne kaɗai aikinsu ba su taka kara sun karya ba. Mai borin jini yawo yake tsakanin likitan yara, na ƙirji, na fata, na ido, na kunne da hanci da maƙogwaro, kafin su duka kuma ya biya ta wurin mai kemis. Saboda haka ni a ganina tambayar yadda za a ƙara wa ƙwararru ilimi ta zo ta biyu. Ta farko ita ce yadda ɗan abin da ƙwararru suka sani zai sauka hannun waɗannan.

Akwai kuma tarkon kwaso ilimin waje a shanye ba tacewa. A 2013 Abena Amoah da abokan aikinta na Gana da Holan suka buga binciken da suka yi kan yaran makaranta fiye da 1,600 a kudancin Gana. Gwajin jini ya nuna kusan ɗaya cikin shida na ɗauke da IgE mai kama gyaɗa. Da a Landan ne da hankali ya tashi. Amma gwajin fata kashi 2 kawai ya kama, yawancin yaran kuma suna cin gyaɗarsu lafiya lau. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tsutsar tsargiya: jiki ya yi mata garkuwa, garkuwar kuma tana kama wani sikari da ke jikin tsutsar da jikin gyaɗar duka, gwaji ya yi ƙarya. Duk wanda ya san yadda tsargiya take a garuruwan da ke bakin dam da fadama ya san wannan magana tamu ce. Yanzu da ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke tallar gwajin abinci iri-iri a lokaci guda, likitan da bai ji wannan ba zai iya hana yaro kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya raba ɗan talaka da abin gina jiki mafi araha da yake da shi, a kan takardar da ba ta dace da jininsa ba.

Misalan suna da yawa. Hotunan littattafan fata kusan duk na farar fata ne, inda ake neman ja, alhali a baƙar fata wurin kan yi duhu ne ko toka-toka. Wani ɗalibin likita a Landan, Malone Mukwende, shi ya fitar da ɗan littafi kan wannan giɓi a 2020. Ƙaiƙayin kulorokwin da ya addabi iyayenmu ba bori ba ne irin na IgE, amma ya sa dubban mutane na cewa maganin zazzaɓi ba ya karɓar su. Lisinofiril, maganin hawan jini da ake rubutawa kullum, ya fi kumbura leɓe da harshe a jikin baƙar fata, wani lokaci bayan an shekara ana sha, sai a ɗora wa kifin daren jiya laifi a ci gaba da haɗiyar ƙwayar. Fenisilin kuwa, cikin masu cewa ba ya karɓar su, idan aka gwada akan tarar tara cikin goma suna iya sha.

Ɓangaren raunin garkuwa na haihuwa shi ne inda mutum ɗaya ba ya iya komai shi kaɗai. Jerin da ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya ta fitar a 2022 ya ƙunshi cututtuka 485, kuma duk bayan 'yan shekaru ƙaruwa yake. Ba kan da zai riƙe su. Likita zai iya gama aikinsa bai ga ko ɗaya daga yawancinsu ba, ko ya gani bai gane ba: jariri mai ciwon huhu a kai a kai, gudawa ba ta tsayawa, farin baki ya ƙi ji, tabon allurar BCG ya ƙi warkewa, gwajin ƙanjamau ya nuna babu, uwa kuma ta ce yayyensa biyu haka suka tafi. Da yawa daga waɗannan cututtuka sai yaro ya gaji ƙwayar halitta iri ɗaya daga uwa da uba, don haka sukan fi fitowa inda ake auren zumunci, kuma mu ba baƙinsa ba ne. Ba mamaki da ƙungiyar Afirka ta wannan fanni, ASID, ta tsiro a Kasabalanka ta Maroko a 2008, inda irin su Farfesa Ahmed Aziz Bousfiha suka daɗe suna ganin waɗannan yara. Abin da likitan karkara ke buƙata a nan bai wuce biyu ba: ya yi zargi, ya kuma san wanda zai kira.

Wannan "wanda zai kira" shi Sanjeev Arora ya mayar tsari. Likitan hanta ne a jihar Niyu Meziko ta Amurka, inda a wancan lokaci masu ciwon hanta nau'in C ke jiran watanni kafin su gan shi. A 2003 ya fara zama ta bidiyo duk mako da likitocin ƙauyuka da na gidajen yari. Ɗan bayani kaɗan, sauran lokacin kowa ya kawo mara lafiyarsa, ba suna, a tattauna kowa na ji. A 2011 aka buga sakamako: waɗanda likitocin ƙauye suka yi wa magani sun warke daidai da na asibitin jami'a. Tsarin, mai suna ECHO, ya bazu zuwa ƙasashe da dama har da na Afirka. Abin da ya raba shi da bitar otal shi ne mutanen ba sa sauyawa. Mako bayan mako su ne dai, har kunya ta fita, ƙarami ya iya cewa "ban sani ba" a gaban jama'a.

Kunyar nan ita ce babban shingenmu, kuma ba ta cikin kowane kundin ƙa'ida. Asibitocinmu gidajen girma ne. Ƙaramin likita yana iya karanta sabuwar ƙa'ida da daddare, da safe ya tsaya bayan babban malaminsa yana jin ana faɗin tsohuwa, ya ce "haka ne, ranka ya daɗe." Girmama na gaba tarbiyya ce, ba na fatan mu rasa ta. Amma a fannin da gaskiyar bara kan zama kuskuren bana, sau da yawa sabon labari a bakin yaro yake, sai babba ya buɗe ƙofa da kansa, ya ce wa ya karanta wani abu da ya saɓa wa abin da na faɗa. Zaurukan WhatsApp na likitoci sun ɗan rage wannan tazara, suna kuma ceton rai da tsakar dare. Aibinsu shi ne hoton fuskar mara lafiya kan yi yawo ba da izininsa ba, kuma amsar wanda ya fi girma ko ya fi surutu ita ke zama hukunci, ko da ta tsufa.

Wata biyu bayan borin allurar da na ba da labarinsa, na koma ƙaramin asibitin nan karɓar takardar da aka rubuta sunan allurar da ɗan ƙanwata zai guje wa. Ɗan bautar ƙasar ya gama ya tafi. A jikin durowar an manna wata takarda da filasta, an rubuta awon adiranalin na babba da na yaro da jan biro, a ƙasa kuma lambar wayar likitan sa barcin. Rubutun Sista ne.